Roƙo ko Lamuni? Nazari a kan Tallar Kwamfuta ta Bakin Taurari a Jimeta da Yola

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi manyan titunan Jimeta, daga shataletalen Mubi zuwa babbar kasuwa, ko ya ratsa rukunin shagunan da ake sayar da wayoyi da kwamfutoci, zai ga fuskokin da ya sani suna kallonsa daga allunan talla da jikin laimomi da ƙofofin shaguna. Wasu 'yan ƙwallo ne, wasu mawaƙan Legas ne, wasu kuma 'yan wasan finafinan Hausa ne, kuma kowannensu yana riƙe da wata na'ura yana murmushi. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba irin maganar da ake sa wa waɗannan taurari a baka, ta auna ta da ma'aunin da Bahaushe ya saba auna maganar ciniki da shi. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, Bahaushe ya daɗe da rarrabe yabon da aka biya da shaidar da aka tsaya wa, har ya ba kowanne mai yinsa da sunansa da nahawunsa, amma tallar zamani ta cakuɗa su: tauraro yana karɓar ladan maroƙi, yana magana da lamirin dillali, alhali bai ɗauki nauyin da dillali ke ɗauka ba.

A nan an faɗaɗa ma'anar kwamfuta ta haɗa da babbar wayar hannu, domin ita ce kwamfutar da mafi yawan jama'a suka mallaka, kuma kamfanoni irin su Apple da Samsung da Lenovo duka biyun suke ƙerawa. An kuma taɓo kamfanonin layin waya, saboda su ne suka share fagen ɗaukar taurari a ƙasar nan.

Zaɓen Yola da Jimeta kuwa yana da dalili. Yola gari ne na Fulani wanda Modibbo Adama ya kafa a shekarar 1841, Fulfulde ne harshen fadarsa. Jimeta ta bunƙasa ne a bakin kogin Binuwai, a matsayin mashigin jiragen ruwa da mazaunin baƙi, musamman bayan da Turawan Ingila suka ci Yola a 1901. A kasuwar Jimeta, Hausa ce ke haɗa Bafulatani da Babachame da mutumin Verre da na Kilba da na Chamba da ɗan kasuwar Ibo. Wato talla da Hausa a nan tana isa ga ɗimbin mutanen da Hausa ita ce harshensu na biyu ko na uku, Turanci kuwa ya fi ta nisa. Daɗin daɗawa, wuri ne na ɗalibai. Akwai Jami'ar Modibbo Adama wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya wadda ta fara karatu a 2005, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Tun daga 2015 kuma, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, na'urar ta tashi daga kayan ƙawa ta koma abin da uba ke cin bashi domin ya saya wa ɗansa.

2.0 Maroƙi da Dillali da Jakada

Kafin a shiga tallar kanta, ya kamata a yi waiwaye kan mutane uku da al'ada ta ba su izinin yin magana a madadin wani.

Na farko shi ne maroƙi. M. G. Smith (1957) ya yi bayanin matsayin roƙo a zamantakewar Hausawa, inda ya nuna cewa maroƙi yana bayyana darajar ubangidansa a bainar jama'a, a biya shi a bainar jama'a. Wannan biya na fili shi ne ginshiƙin gaskiyar sana'ar. Idan maroƙi ya kira attajiri giwa ko damina, babu mai cewa ya yi ƙarya, domin kowa ya ga rigar da aka yafa masa, kuma sanƙira ya shelanta adadin kuɗin da aka ba shi. Kambamawa ce da aka san farashinta. Abin lura ta fuskar nahawu shi ne, maroƙi yakan yi magana ne da lamiri na biyu ko na uku: kai ne kaza, shi ne kaza. In ya ce ni, to, godiya yake yi ko kukan buƙata. Ba ya cewa jama'a su ba ubangidansa bashi a wuyansa.

Na biyu shi ne dillali. Shi ma ana biyansa, wato la'ada, amma maganarsa tana da wuya, ma'ana akwai wuyan da take rataye a kai. A kasuwannin dabbobi irin na Ngurore da Mubi, dillali ne ke shaidar cewa sa ba na sata ba ne, kuma shi za a nema idan mai shi na ainihi ya bayyana. Abner Cohen (1969) ya nuna yadda masu gida Hausawa na unguwar Sabo a Badun suke sayar wa mahauta Yarabawa shanun fataken Arewa bashi, tare da lamunin cewa idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai biya daga aljihunsa. Jarin irin wannan mutum shi ne sunansa, ranar da sunan ya ɓaci kuwa sana'a ta ƙare. Saboda haka lamirin dillali na farko ne: ni na san shi, ni na tsaya masa, in ya ba ka matsala ka neme ni.

Na uku shi ne jakada, kuma shi ne sunan da kafofin watsa labarai suka zaɓa wa tauraron da kamfani ya ɗauka. Zaɓen ya fi yadda ake zato dacewa. A tsarin sarauta kafin zuwan Turawa, hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa ƙauyuka su isar da umurni su karɓo haraji, har zuwa farkon mulkin Turawa lokacin da aka tura hakimai su zauna a gundumominsu. Jakada, kamar jakadiyar cikin gidan sarki, bakin wani ne. Ba a tambayarsa ko ya yarda da saƙon, kuma shi ma ba ya da'awar cewa saƙon nasa ne. (Talakan ƙauye, wanda ya san abin da ziyarar jakada ke ci masa, da wuya ya ji kalmar da daɗin da kamfanoni ke jin ta.) Ke nan sunan ya faɗi gaskiya, domin tauraro ɗan aike ne. Matsalar tana tasowa ne daga inda aka sa ɗan aike ya ce ni.

3.0 Yadda Abin ya Faro a Wajen Masu Ƙera Kwamfuta

Kamfanonin kwamfuta sun rungumi taurari ne saboda wata buƙata ta musamman. Mai sayen sabulu ya san aikin sabulu, amma a farkon shekarun 1980 mai sayen kwamfuta tsoronta yake ji. Da kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, sai ya ɗauko siffar nan ta ɗan yawo mai malafa da sanda wadda Charlie Chaplin ya yi suna da ita, ya sa wani ɗan wasa ya kwaikwaye ta, domin a ce ko wannan bawan Allah ma zai iya sarrafa na'urar. Chaplin ya riga ya mutu tun 1977, kuma a fim ɗinsa na 1936 inji ne ya haɗiye shi, amma wannan bai hana ba. A 1997 kamfanin Apple ya wuce nan, ya jera hotunan Einstein da Gandi da Martin Luther King da Muhammad Ali, ba tare da ya nuna kwamfuta ko guda ba. Uku na farkon sun bar duniya tun kafin a ƙera kwamfutar da mutum zai ajiye a ɗakinsa. Wannan talla roƙo ce tsantsa, irin wadda maroƙi ke jero kakannin ubangidansa, kuma ba ta yaudari kowa ba, tunda babu wanda ya zaci Gandi ya taɓa danna madanni.

Grant McCracken (1989) ya kira wannan aiki ƙaurar ma'ana, wato tauraro yana tara ma'anoni daga rawar da ya taka a idon jama'a, talla ta kwashe su ta zuba wa haja, mai saye kuma ya saya da fatan su zubo masa. Ra'in ya bayyana tallar IBM da ta Apple sarai. Inda bai kai ba shi ne lokacin da talla ta tashi daga aron kwarjini ta shiga bayar da shaida, kuma a nan ne kamfanoni suka sha kunya. A watan Nuwamba na 2012 Oprah Winfrey ta aika saƙo a Twitter tana yaba sabuwar na'urar Surface ta kamfanin Microsoft, sai aka ga alamar da ke ƙasan saƙon ta nuna da iPad ta aiko shi. A Janairun 2013 kamfanin BlackBerry ya naɗa mawaƙiya Alicia Keys daraktar ƙirƙira, ba a jima ba wani saƙo ya fita daga shafinta ta wayar iPhone. Ta ce kutse aka yi mata, bayan shekara guda kuma aka raba gari. Abin sha'awa a nan shi ne, hajar ce da kanta ta ƙaryata mai tallarta, abin da sabulu ko man shafawa ba za su taɓa iyawa ba.

Daga cikin tallace-tallacen wannan zamani, wadda ta fi cancantar yabo ita ce ta kamfanin HP ta 2006, inda aka yanke fuskar tauraro aka bar ƙirjinsa da hannuwansa, yana nuna ayyukan da yake yi da kwamfutarsa. Ko ba komai, mai kallo ya tashi da sanin abin da na'urar ke yi.

4.0 Tauraro a Kasuwar Jimeta

Amfani da sanannen baki wajen isar da saƙo ba baƙon abu ba ne a Arewa. Lokacin da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, da lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, makaɗa da mawaƙa sun yi aikin wayar da kai wanda takardun gwamnati ba su iya ba. Sai dai a can saƙon bayani ne, kuma gobe kowa zai gan shi a titi ko a tafin hannunsa.

Ɗaukar tauraro da kwantiragi ya kankama ne bayan shigowar wayar salula a 2001, musamman da kamfanin Globacom ya shigo fage a 2003 ya mayar da tara jakadu wata alama tasa. Daga cikin 'yan wasan Hausa da ya ɗauka akwai Ali Nuhu da Sani Danja. Daga baya masu ƙera wayoyi suka bi sahu. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da itel waɗanda suka cika shagunan Jimeta, ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar ƙwallo ta Manchester City a 2016 domin Tecno, ya kuma ɗauki mawaƙi Davido domin Infinix a 2018.

Darasin da ya fi kowanne bayyana yanayin wannan jakadanci ya faru ne a watan Afrilu na 2013, lokacin da hukumar sadarwa ta ba jama'a damar sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba. Ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, an saba ganinsa a tallar Etisalat. Kwatsam sai ga shi a tallar MTN, ya fara da tufafi masu kama da kore, haske ya sauya suka koma rawaya, yana rawa yana shelar cewa ya ƙaura. Jama'a sun yi dariya, kuma tallar ta yi tasiri. A ma'aunin wannan maƙala ita ce mafi gaskiya a cikin irinta, domin jigonta shi ne sauya sheƙa, mai isar da jigon kuma ya sauya sheƙar a gaban kowa. Amma ta kuma tona asirin sauran: wanda ya rantse da kore jiya ya rantse da rawaya yau, gobe ma yana iya rantsewa da ja. Irin haka ta faru a Amurka a 2021, lokacin da Justin Long, wanda ya shekara uku yana wakiltar kwamfutar Apple a talla daga 2006, ya fito yana yaba kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel. Makaɗin fada ma yakan bar wata fada ya koma wata, amma ba a taɓa sayen doki bisa shaidarsa ba.

4.1 Lamirin "Ni"

Misalan da ke biye ba a ciro su daga tallar wani kamfani takamaimai ba. An gina su ne bisa ƙirar da irin waɗannan tallace-tallace ke bi, domin aikin nahawu ya fito fili.

(1) Wannan ita ce tawa.
(2) Da ita nake aiki.
(3) Na gwada ta, ba ta ba ni kunya ba.
(4) Kai ma nemi taka.

Jumla ta (1) ta dogara ne a kan doguwar mallaka, kuma ita ce mafi sauƙin karewa. Idan kamfani ya miƙa wa tauraro na'urar da safiyar ranar ɗaukar hoto, to, tasa ce, bai yi ƙarya ba, ko da direbansa zai ba da yamma. Jumla ta (2) ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Da an ce "Ina aiki da ita", da an bar ƙofa a buɗe cewa akwai wasu. Amma da aka ciro "da ita" aka kai farkon jumla, har lamirin ya sauya daga "ina" zuwa "nake", sai ma'anar ta zama ita kaɗai, ban da wata. Wannan keɓancewa ce wadda jumlar Turancin da aka fassaro sau da yawa ba ta ɗauke da ita, kuma mai fassara yakan zaɓe ta ne kawai saboda ta fi daɗin faɗa. Ita ce kuma irin da'awar da alamar ƙasan saƙon Twitter ta rushe. Jumla ta (3) shaida ce ƙarara cikin shuɗaɗɗen lokaci, irin wadda ake bayarwa a gaban alƙali.

Ta (4) ita ce mafi wayo. A zahiri umurni ne, kuma umurni ba ya zama gaskiya ko ƙarya. Amma ɗan harafin nan "ma" ya shigo da wata jumla ta ƙofar baya, wato cewa mai maganar ya riga ya nemi tasa. Bahaushe ba ya ce wa baƙo "kai ma ci" sai in shi yana ci. Ta haka tauraro ya ba da shaida ba tare da ya furta ta ba, kuma idan aka tuhume shi zai ce bai ce komai game da kansa ba.

Ana iya cewa ai jama'a ba yara ba ne, sun san an biya shi. Haka ne, kuma a majalisun Jimeta ba a rasa mai faɗin haka. Sai dai akwai bambanci tsakanin sanin an biya mutum da ganin an biya shi. Kyautar maroƙi a fili take, kuɗin kwantiragi kuwa a ɓoye. Bayan haka, masu kallon wasan Hausa sun saba liƙa wa ɗan wasa halin rawar da yake takawa, har sunan rawar ya danne na yanka. Mutane nawa ne suka san Samanja da sunan Usman Baba Pategi, ko suka kira marigayi Rabilu Musa da wani suna ban da Ibro? Wanda ya shekara ashirin yana fitowa a matsayin miji mai amana ko alhaji mai gaskiya, da wannan amanar yake hawa allon talla, alhali marubucin fim ne ya ƙaga ta.

4.2 Rabon Aiki Tsakanin Hausa da Turanci

Aibin da ya fi girma ba a bakin tauraro yake ba, a tsarin allon yake. Idan aka dubi irin waɗannan alluna da takardun da ake rabawa a shaguna, za a ga an raba wa harsuna biyu aiki. Hausa ta samu zuga, da manyan haruffa: gangariya, sabuwa dal, ta kece raini. Turanci kuwa ya samu duk abin da mai saye ke buƙatar sani kafin ya zare kuɗinsa: girman ma'ajiya, ƙarfin ƙwaƙwalwa, awowin da batir ke yi, tsawon garanti da abubuwan da garantin bai shafa ba. Waɗannan da ƙananan haruffa suke, a ƙasa. Sakamakon haka shi ne, wanda Hausa kaɗai yake ji an ba shi kirari an hana shi bayani, ya zama ya yi cinikin biri a sama. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ta ninka wannan sau da yawa. Malamin firamare da ya sayi wadda ma'ajiyarta ba za ta ɗauki manhajar da ɗansa ke buƙata a jami'a ba, ba kuskuren ado ya yi ba, albashin watanni ya zubar.

Wannan rabo yana kuma koya wa mai karatu wani darasi game da harshensa, wato Hausa ta iya yabo amma ba ta iya bayanin na'ura ba. Masu gyara a Jimeta suna ƙaryata wannan kullum. A bakinsu kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa da ciki, tana nauyi idan ta yi jinkiri, tana zafi, tana cin caji ko tana riƙe caji, ta hannu ce ko kuwa a kwali take. Da waɗannan kalmomi suke fahimtar da Bafulatanin da ya zo daga Girei da 'yar makarantar da ta zo daga Numan, ba tare da kwamitin ƙirƙirar kalmomi ya zauna ba. Ga kuma aikin da masana suka yi, irin ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, wanda ya nuna harshen yana iya ɗaukar ilmi mai zurfi idan an ɗora masa. Fulfulde kuwa, harshen masu garin, ko kirarin ma ba kasafai yake samu a allo ba, sai dai a gidajen rediyo irin su Gotel da ABC Yola.

4.3 Ƙugiya

Akwai wani abin takaici na daban idan mai tallar kwamfuta ya kasa rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Haruffan nan masu ƙugiya sun shiga rubutun boko tun cikin shekarun 1930, taron Bamako na 1966 kuma ya tabbatar da ɓ da ɗ ga Hausa da Fulfulde baki ɗaya, don haka a Yola harsuna biyu ake zalunta da kuskure ɗaya. Jumla irin "ba ta ɓata lokaci", idan aka cire ƙugiya aka kuma haɗe kalmomi yadda aka saba, sai ta koma "bata bata lokaci". Launin "baƙi" ya koma "baki". A shekarun 1990 akwai uzuri, shi ya sa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta masu ƙugiya domin masu rubutun Hausa. A 2001 kamfanin Zinox na Leo Stan Ekeh ya fito da kwamfuta mai alamar naira a madannanta, abin da ya nuna cewa idan kamfani ya ga riba a wata alama zai nemo mata gurbi. Yau haruffan suna cikin kowace babbar waya, ciki har da wadda tauraron ke riƙe da ita a allon.

5.0 Wuyan Wa?

Dokar Amurka ta daɗe da fuskantar wannan tambaya. A 1978 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta sa mawaƙi Pat Boone ya amince zai biya wani kaso na diyya daga aljihunsa, saboda maganin ƙurajen fuska da ya tallata bai yi abin da aka ce yana yi ba. Ƙa'idojin hukumar sun tanadi cewa idan talla ta nuna tauraro yana amfani da haja, to, tilas ya kasance yana amfani da ita da gaske a lokacin. Wato an tilasta wa mai cewa ni ya zama dillali. Fiƙihun ciniki da ake karantawa a zaurukan Yola ma ya san irin wannan matsala, domin ya hana najashi, wato mutum ya nuna sha'awar haja yana ƙara mata kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don wani ya ruɗu ya saya. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan ko tallar tauraro ta shiga wannan babi, amma kamar da ke tsakaninsu ba ta ɓuya ba.

A Nijeriya an kafa hukumar kula da tallace-tallace ta APCON a 1988, dokar 2022 ta mayar da ita ARCON, kuma daga ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara ta hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙi 'yan ƙasar waje a tallar da ake nufin 'yan Nijeriya da ita. Matakin ya buɗe wa 'yan wasan gida kasuwa, kuma wannan alheri ne. Amma ya amsa tambayar fuskar wa za a gani ne kawai. Yana ma iya ƙara wa matsalar nauyi, domin mai saye a Jambutu bai taɓa ɗaukar Baturen da ke allo a matsayin mai shaida ba, amma ɗan wasan da yake kallo kowane dare, mai magana da harshensa, kusan ɗan unguwa ne. Tantancewar da za ta yi amfani ita ce wadda za a yi wa sigar da mai saye ke ji, ta hannun wanda ya san bambancin "ina aiki da ita" da "da ita nake aiki", ya kuma san abin da "ma" ke ɗauke da shi. Jumlar Turanci tana iya tsallake tantancewa lafiya lau, fassararta ta Hausa kuma ta yi alkawarin da ba a tantance ba.

A halin yanzu, kaso mai yawa na kwamfutocin da ɗaliban Yola ke ɗauke da su na hannu ne, HP da Dell da Lenovo waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja kafin su iso Jimeta. Waɗannan ba su da tauraro ko allo. Ana sayensu ne ta hanyar tsohon tsari: mai saye ya zo da wani wanda ya san kan na'ura, a kunna ta a gabansa, a cire caja a ga minti nawa batir zai yi, a daidaita kan kwanakin gwaji, mai shago ya rubuta lambar wayarsa a bayan rasit. Idan ta mutu a rana ta uku, mai saye ya san shagon, ya san wanda ya raka shi, kuma ya san shugaban 'yan kasuwar da zai kai wa ƙara.